Yadda Na Buɗe Kwanon Babana Daga Faransa

Ni ce na tona asirin mahaifina. Ba maƙiyi ne ya yi ba, ba ɗan unguwa mai baƙin ciki ba, ni ce, 'yarsa da yake kira Uwata saboda sunan tsohuwarsa aka sa mini. Kuma ba a tsakar gidanmu na Matameye na yi ba, ina zaune kan kujera mai juyawa a wani gari na arewacin Faransa na yi, ina taƙama da boko. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Don haka wanda ya ga na yi faɗa cikin labarin nan ya yi haƙuri, ban huce ba.

Bayan na gama karatun injiniya a Yamai aka ba ni bursu, wato tallafin karatu, in je in yi bincike kan ƙananan na'urori. Wani ɗan ƙasarmu mai suna Sani, wanda aka haɗa mu ta tarho, ya rantse mini ya kama mini ɗaki kusa da jami'a. Na sauka tashar jirgin ƙasa da akwati biyu, na tsaya tun hantsi har la'asar, iska tana ratsa ni har ƙashi. Da ya iso, ko sannu da hanya bai ce ba, tambayarsa ta farko ita ce ko na zo da kilishin da ya ce a taho masa da shi. Ɗakin kuwa, wallahi a garinmu ko akuya mai jego ba a sa wa ciki. Ƙarƙashin matakalar bene ne, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti, aka jefa katifa. Ya kwashe kilishin kaf, har da wanda Inna ta ƙulle mini daban a leda, ya ce gobe zai dawo ya raka ni wurin takardu. Har na bar ƙasar ban sake sa shi a idona ba.

Wurin aikina ɗakin bincike ne da suke kira labo. Shugabansa wani dogon Furofesa ne mai yawan murmushi, irin murmushin da ba ya wuce haƙori. Aikin labon kashi biyu ne. Wasu suna zana taswirar hulɗar mutane: kowane mutum ko gida ɗigo ne, kowace mu'amala zare ce tsakanin ɗigo biyu, sai a duba a ga wa ya riƙe jama'a, wa aka bari shi kaɗai. Wasu kuma suna ƙera ƙananan na'urori masu sauya hali, waɗanda in batir ya yi rauni su rage aiki, in zafi ya yi yawa su yi barci, kuma ana iya aika musu sabon umarni daga nesa su koma yin wani aikin daban ba tare da an taɓa su ba. Don wannan na biyun na baro gida. Amma wata uku cur ban riƙe ko waya ɗaya ba. Fassara aka ɗora ni a kai, da dafa kofi, in kuma baƙi suka zo a tura ni gaba a ce ga ɗalibarmu daga Afirka, kamar an sayo sabon labule.

Mutum ɗaya ne ya gan ni a matsayin mutum. Wani tsoho ne ɗan Aljeriya mai gyaran injinan labon, kowa na kiransa Sa'id, ni kuwa nake ce masa Ammi, wato baffa da harshensu. Wata rana ya same ni ina sallar azahar a lungun matakala, ina sauri kada a gan ni. Washegari ya ajiye mini makullin ɗakin ajiyarsa a kan tebur, da wata rigar sanyi ta matarsa, ya ce ta yi mata kaɗan. Ƙarya yake, sabuwa ce. Shi ya zaunar da ni gefen bencinsa, ya koya mini liƙa waya mai sirantar gashi ba tare da hannu ya yi rawa ba. Ba shi da surutu, in na yi daidai ya ɗaga gira, in na ɓata ya girgiza kai.

Kewar gida kuwa ba a magana. Abincinsu ba yaji, ranarsu ba zafi, maƙwabcinka zai shekara bai san sunanka ba. Duk Lahadi nakan buga wa Inna waya. Na san daminar da na baro ta ƙi, hatsi ya bushe a tsaye tun daga Dungu har Icirnawa, amma kullum in na tambaya sai ta ce lafiya lau, sai godiya. Ni ma ban damu ba sosai, don na san gidan da na fito. Babana, Malam Lawali, manomi ne mai rumbu uku. A yunwar da aka yi ina ƙarama, shi ya buɗe rumbunansa ya raba wa unguwa. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, masu rigimar gona da ta aure su zo ya sasanta su. Ko a mafarki ban taɓa kawo yunwa a gidanmu ba.

Ana cikin sanyin nan sai ga labari sojoji sun kifar da gwamnati. A allon labo na gani, 'yan labon suka taru kaina suna tambaya ko gidanmu kusa da fadar shugaban yake, kamar duk Nijar unguwa ɗaya ce. Gwamnatin da aka tumɓuke ta hana a ce ana yunwa. Sojoji da suka hau suka ce a faɗa, a zo a taimaka. Kafin ka ce kwabo ƙungiyoyin agaji sun cika ƙasa, Furofesa kuma ya shaƙi ƙanshin aiki. A lokacin ne karon farko da ya kira ni ofishinsa, ya zaunar da ni, ya zuba mini kofi da hannunsa. Ya ce wata ƙungiya tana son ta san yadda abinci ke yawo tsakanin gidaje, don agaji ya isa inda ya dace. Ya tambaye ni yadda muke yi a garinmu.

Daɗi ya kama ni, yau an tambaye ni abu. Na ba shi labarin ciyayya: duk yamma kafin magariba gidaje kan aika wa juna kwanon abinci a rufe, kwanon ya dawo a rufe da abincin wancan gidan. Ya tafa hannu, ya ce ga taswira a ɗauke kan mutane tana yawo. Nan take aka tsara cewa ƙungiyar za ta raba sababbin langa a unguwarmu, kowace da 'yar na'ura kamar goro a liƙe a gindinta. Za a ɗora akwati mai faifan hasken rana a rufin wani shago, ya riƙa tattara bayani yana turo mana ta rezo, wato hanyar sadarwar tarho. Ni aka ba ƙirar. Na yi ta da zuciya ɗaya, ni da Ammi, har muka sa ta cikin tanda don mu ga ko za ta jure zafin watan bazara.

Sai na kira Baba na roƙe shi ya sa baki, don na san mutanenmu ba sa karɓar abin baƙo haka kawai. Ya yi murna ƙwarai. Da kansa ya bi gida gida tare da ma'aikacin ƙungiyar, yana cewa aikin Uwata ne, a karɓa, ba cuta a ciki, ƙirga zuwa da dawowar kwano kawai yake yi. A lokacin gaskiya ya faɗa, haka na gaya masa, haka kuma na ƙera ta. Mata suka karɓa suna guɗa, suka sa wa langar sunana, suna ce mata kwanon Dije.

Bayan wata ɗaya taswira ta fito. Kowane gida yana aikawa, kowane gida yana karɓa, zare ya je ya dawo, ba ka iya nuna mai shi da maras shi. A taron labo, gaban kowa, Furofesa ya haska ta a bango ya ce wannan shirme ne. Ya ce ko dai na'urorina ba sa aiki, ko kuma mutanena wasa suke da hankalinsu, don mai jin yunwa ba ya kyautar abinci. Wani ɗalibi mai jan gashi ya ce wataƙila don motsa jiki suke yawo da kwanuka. Aka kwashe da dariya.

Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe tsaye, na ce su da suke dariya, a cikinsu wa ya san sunan maƙwabcinsa? Na ce na'urata lafiyarta lau, mutanena kuma sun fi su hankali nesa ba kusa ba. Sai na kwance musu abin da ko a gida ba a faɗa da baki. A shekarar wahala, gidan da ba shi da komai ba ya fasa hura wuta, ba ya fasa aika kwano. Zai aika shi a rufe, ba komai a ciki. Matar wancan gidan ta karɓa, ta ce an gode, Allah ya ƙara buɗi, ta shiga ɗaki da shi, ta cika shi ta mayar. Ba a buɗe kwano a bakin ƙofa. Wanda ya gani daga waje, ciyayya ya gani. Haka ake ciyar da mutum shekara guda, mutuncinsa na nan a jikinsa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa ranar na amayar da nawa don in burge Turawa.

Furofesa ya cire gilashinsa, ya sassauta murya, ya ce:

"To, za a iya gane kwanon da ke cike da wanda ba komai?"

Ammi yana tsaye bakin ƙofa da akwatin kayan aikinsa. Ya dube ni ya girgiza kai, irin yadda yake yi in na ɓata liƙi. Na gan shi sarai, ba zan yi ƙaryar ban gan shi ba. Na ce ana iyawa.

Kuma ana iyawa ɗin, wannan ne abin haushin. A cikin na'urar na sa wani ɗan abu mai jin motsi, don ya tashe ta daga barci in an ɗauki kwanon. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tuwo da miya mai zafi ya san a hankali ake tafiya, kwano a daidaice. Wanda ya ɗauki fanko kuwa sauri yake, kwanon na lilo. Sati biyu na yi ina rubuta sabon umarni, na tura ta rezo. Can a Matameye, a gindin langar da mata ke wankewa da toka, na'urorin suka sauya hali suka fara wani aikin da ba wanda aka shaida wa. Ban kira Baba na gaya masa ba. Ban ma yi tunanin akwai abin faɗa ba, hankalina na kan ranar da zan rufe bakin mai jan gashi.

Wata safiya na kunna allo na ga zaren sun zama kibau. Yawancin gidaje suna bayarwa suna karɓa. Gida bakwai ne kibiya ke shiga kawai, ba ta fita. Na yi murmushi, na fara bin su ɗaya ɗaya. Lamba ce a kansu ba suna ba, amma ni a unguwar nan aka yanke mini cibi, na san kowane lungu. Na biyar yana bayan masallaci, jikin tsamiya. Na goge allon da hannun rigata na sake dubawa. Gidanmu ne. Kullum kwano na fita da sauri, yana dawowa a hankali. Kibiyar daga gidan Gwaggo Saude take tasowa, wata gwauruwa mai ƙuli-ƙuli, wadda Baba ya riƙe da ita da marayunta a waccan yunwar.

Na fita waje ba rigar sanyi na kira Inna. Ta fara lafiya lau ɗin nan tata, na katse ta, na ce ta gaya mini gaskiya, akwai hatsi a rumbu? Ta ce rumbunan sun daɗe da zama fanko, wanda ya rage bara Baba ya raba wa mutane iri, damina kuma ta cinye irin. Sai ta ce:

"Wa ya gaya miki? Ki rufa mini asiri, Dije, kada babanki ya san kin sani. Shi ma yi yake kamar bai sani ba. In ya ci sai ya ce Saude ta iya miya, shi ke nan."

Na nufi ofishin Furofesa ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Na ce taswirar nan ba za ta fita daga labo ba. Ya ce lamba ce kawai, ina matsalar? Kuma in an gano masu yunwa an ba su abinci, wa aka cuta? Na yi masa bayani kamar mai koya wa yaro karatu. Na ce in da gaske taimako suke so, su kai buhunan gidajen da ke bayarwa, abincin zai isa inda za shi a cikin kwano, ba wanda zai ji kunya. Ya ce masu ba da agaji suna son su ga fuskar wanda ya karɓa. Ya ce kunya abu ne na mai ƙoshi. Ji mini mutum! Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba yake koya mini abin da mai yunwa ke ji. Da ya ga idona ya yi ja, ya ce to zai yi tunani, in kwantar da hankalina, akwai babban taro a Beljik da zai tafi da ni. Na yarda da shi, kuma wannan wautar ba ni da wanda zan ɗora wa.

Muka hau jirgin ƙasa muka tsallaka iyaka. A zauren taron ya haska taswirar a bango mai tsayin soro. Gidanmu ya fito ja wur, girman faranti. Ya yi ta zuba, ya ce shi ya gano wata ɓoyayyiyar hanyar taimakon juna a yankin Sahel, ya kwaikwayi tafiyar mai ɗauke da kwano cike da ta mai ɗauke da fanko, mutane na dariya suna tafi. Sunana yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, an gode mini da fassara. Wannan ko a jikina, ni dai idona na kan jan ɗigon. Da aka fita shan kofi, wata mata daga ƙungiyar ta riƙe mini hannu tana yaba mini. Ta ce aikin ya yi amfani ƙwarai, kwana goma ke nan da aka tura wa ma'aikacinsu jerin gidajen, shi kuma yana da littafin da ya rubuta wane kwano ya shiga wane gida, don haka an sami sunaye ba wahala.

Ban san lokacin da kofin hannuna ya faɗi ba. Na juya kan Furofesa, na fara da Faransanci, ya ƙare mini na koma Hausa. Na kira shi maci amana, na kira shi ɓarawon zaune, na ce Allah ya tona masa asiri yadda ya tona na bayin Allah. Masu gadi biyu suka fitar da ni, mutane na kallona kamar mahaukaciya. Na hau jirgi ni kaɗai na koma. Washegari Lahadi ce, labo a rufe, amma da na kira Ammi ya zo da makulli bai tambaye ni komai ba. Na zauna na tura wa na'urorin umarni na ƙarshe, su yi barcin da ba tashi. Ihu ne bayan hari, na sani, amma na yi. Sannan na kira gida. Inna ta ɗauka, da ta ji muryata ta fashe da kuka.

Ga yadda aka yi. Ranar kasuwa babbar mota ta zo da buhuna. Kwamitin rabo ya kafa rumfa a fili, da lasifika, da soja mai bindiga don kada a yi turereniya. Aka gayyaci dattawan unguwa su zauna a benci su zama shaida, Baba yana cikinsu da farar rigarsa ta Juma'a. Aka ce za a fara da gidajen da bincike ya tabbatar ba su da komai, waɗanda maƙwabta ke ciyarwa a ɓoye. Haka aka faɗa, da Hausa tatas, kasuwa na ji. Aka kira suna huɗu. Na biyar aka ce Malam Lawali na bayan masallaci. Inna ta ce 'yan kasuwar Daura da ke cinikin awaki ma sai da suka waiwayo. Baba ya zauna kamar ba da shi ake ba. Aka sake kira, sojan ya ce wane ne, ya yi sauri akwai jama'a. Sai ya miƙe daga cikin dattawa, ya taka har gaban rumfa, aka dangwala yatsansa, aka ɗauki hotonsa riƙe da kunnen buhu.

Washegari ya bi sauran gidaje shidan ɗaya ɗaya yana neman gafara, don da bakinsa suka karɓi kwanon. Mata suka fitar da langar nan, wasu suka zuba wa kaji ruwa a ciki, wasu suka jefa a tsohuwar rijiya. Amma ko da tsofaffin kwanuka ciyayya ba ta tashi ba, domin ma'aikacin ƙungiyar ya yi wa mutane bayanin dabarar da alfahari, yanzu kowa ya san a dubi tafiyar mai ɗauke da kwano. Wa zai aika fanko ana ƙirga takunsa? Buhun da aka bayar kuwa na wata guda ne, damina ko sauka ba ta yi ba.

Furofesa ya rubuta cewa na lalata kayan labo, aka yanke bursuna. Ban roƙi kowa ba, ko sun bar ni ba zan zauna ba. Ammi ne ya ɗaukar mini akwati har tasha, ya cusa mini ledar dabino a jaka. Da jirgi ya kusa tashi ya ce shi ma yana da laifi, ya kamata ranar nan ya buɗe baki ya yi magana, ba ya tsaya girgiza kai ba. Na ce masa ko ihu ya yi ba zan ji ba, yadda kaina ya kumbura a lokacin. Ya share ido da bayan hannu ya ce in gaida masa Baba.

Na isa Damagaram ruwa ya sauka, na shiga motar haya zuwa Matameye. Gonaki sun yi kore shar, hatsi ya kai gwiwa, amma duk ɗan ƙauye ya san lokacin ne yunwa ta fi cizo, tsohon ya ƙare sabon bai nuna ba. Da na shiga unguwa ba wanda ya zage ni, da ma sun yi. Sannu da zuwa kawai, a sunkuye. Na tsaya ƙofar Gwaggo Saude na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon turminta. Ta ce sau uku ta aika da tuwo bayan ranar nan, sau uku Baba ya mayar da shi bai taɓa ba, da saƙon godiya. Ta ce ita ba sadaka take ba shi ba, nasa take mayar masa, amma yanzu na sa ya zama sadaka. Na tashi na wuce.

Baba ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya tare ni a zaure, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin ƙasar, ya tambayi wanda ya riƙe ni a can. Na ce Baba ni ce, ni na sauya na'urar, ni na gaya musu yadda ake yi. Ya ce ya sani, in shiga in huta, Inna na jira. Na so ya daka mini tsawa, ya ɗaga sanda, ya yi wani abu da zan riƙe. Bai yi ba. Na shiga ciki ina jin haushin Furofesa, da ƙungiyar, da sojan, da wanda ya ƙirƙiro lasifika, kuma duk in an haɗa bai kai wanda nake ji na kaina ba.

Da la'asar ta yi sanyi ya fitar da tabarmarsa ƙofar gida yadda ya saba. Ba wanda ya zo da rigimar gona, ba wanda ya zo da ta aure. Lokacin da a da titin nan ke cika da masu kai kwano, na leƙa ban ga ko ɗaya ba. Inna ta tuƙa ɗan abin da ya rage na garin masarar agajin, ta zuba masa, ta ce in kai. Na ce ai a zaure yake cin abinci. Ta ce a'a, tun ranar nan a waje yake ci.

Na kai masa na ajiye. Mutane na wucewa zuwa masallaci, kowa na iya ganin jan tuwon nan da duk gari ya san daga inda ya fito. Ban iya jurewa ba, na ruga ciki na ɗauko faifai, na dawo zan rufe kwanon kafin ya wanke hannu. Ya tare hannuna a hankali, ya ɗago ya dube ni.

"Bar shi a buɗe, Uwata," ya ce. "Me ya rage da za a rufe?"